Bugun Zayyana a Jikin Riga: Tarihin Girmanta da Mazauninta

Duk wanda ya shiga shagon masu buga rubutu a jikin riga, ko a Kano ne ko a Landan, ya ce yana so a buga masa tishat ɗari domin wani taro, zai tarar da cewa akwai tambayoyi biyu waɗanda ba safai ake yi masa su ba, watau ina za a ɗora zayyanar, kuma yaya girmanta zai kasance. Mai shagon ya riga ya san amsa. Zai shimfiɗa rigar, ya jera yatsu uku ko huɗu daga ƙarƙashin wuyanta, kimanin inci 3 ke nan, ya ce daga nan zayyana za ta fara, faɗinta kuwa inci 11 ko 12. In ƙaramin tambari ne, sai ya kai shi ƙirjin hagu, ya ba shi inci 3 da rabi ko 4. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce haka ake yi. Gaskiya ya faɗa, amma wannan awo bai sauko daga sama ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawunsa, domin a nuna cewa hukuma da kayan aiki da idon mai kallo su ne suka yanke shi a zamani daban-daban, kuma ba kasafai aka nemi shawarar mai sa rigar ba.

Tun kafin a san bugu irin na yau, sarakuna sun gane cewa ƙirjin mutum wuri ne na sanarwa. A shekarar 1391 Hongwu, sarkin da ya kafa daular Ming a ƙasar Sin, ya kafa doka game da tufafin ma'aikatan gwamnatinsa. Kowane ma'aikaci zai ɗauki wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙirji, wani kuma a gadon baya. Ma'aikatan farar hula aka ba su siffar tsuntsaye, sojoji kuwa namun daji, kowane ɓangare matakai tara. Mai matakin ƙoli yana ɗauke da wani farin tsuntsu dangin gauraka, na can ƙasa kuwa da salwa. Faɗin ƙyallen ya kai kusan santimita 40, watau ya cika ƙirji fal, domin tun daga bakin ƙofar fada a san wanda zai rusuna wa wani. Ma'aikacin yau da ke dakon takardar ƙarin girma zai iya kwatanta yadda abin yake a ce matakin albashinsa yana rataye a ƙirjinsa kowa na gani. Da daular Qing ta karɓi mulki a 1644 sai aka rage ƙyallen zuwa kimanin santimita 30, na gaba kuma aka tsaga shi gida biyu, saboda rigar da ake sawa a lokacin ta gaba ake ɓalle ta. Ko dokar sarki sai da ta bi ɗinkin riga. An ci gaba da wannan tsari har faɗuwar sarautar a 1912.

A ƙasar Japan an bi wata hanya ce dabam. Tambarin gida da ake sa wa rigar kimono ɗan ƙarami ne, kimanin santimita 4 ga maza, 2 ga mata, kuma wurarensa a ƙayyade suke: ɗaya a baya ƙasa da ƙeya, biyu a bayan hannuwa, biyu a ƙirji. Riga mai tambari biyar ita ce ta babban biki, mai uku tana biye da ita, mai ɗaya kuma ta ƙaramar hidima. Wanda aka yi wannan tambari domin shi, mutum ne da ke zaune kusa a cikin ɗaki, ba wanda ke hange daga ƙarshen fili ba. Idan aka jera misalan nan biyu za a ga ƙa'idar da har yau ba ta sake ba, cewa tazarar mai kallo ita ce ke yanke girman zayyana.

Waɗancan na Sin saƙa ne da aikin allura. Tushen bugun da ake magana a kai yana wajen marinan Japan ɗin ne. Masu sana'ar yankan takarda na yankin Ise sukan haɗa takardu biyu ko uku da ruwan wani ɗan itace har su yi ƙwari kamar fata, sa'an nan su yanke ado a jiki da wuƙa, marina kuma su ɗora a kan ƙyalle su shafa kullun shinkafa ta cikin kafofin, yadda rini ba zai kama inda kullun ya zauna ba. Matsalar irin wannan takarda sananniya ce. In aka yanke zobe, tsakiyarsa faɗuwa take yi, domin babu abin da ke riƙe da ita. Sai masu sana'ar suka riƙa ɗaure irin waɗannan tsibirai da siririn zaren siliki, daga baya kuma suka koma manna ragar siliki a kan takardar baki ɗaya. Raga ta riƙe zayyana, kullu ya wuce ta idanunta.

A Turai da Amurka, a farkon ƙarni na 20, masu rubuta allunan talla suka sami irin wannan raga a wurin da ba a zata ba, watau masana'antun niƙan alkama. Akwai wani ƙyallen siliki mai ƙananan idanu, wanda aka fi saƙawa a Suwizalan, da ake tankaɗen fulawa da shi. Saboda haka in aka kira wannan sana'a bugun rariya ba a yi mata ƙage ba, gama da rariya ta fara. A 1907 wani mutumin Mancesta, Samuel Simon, ya yi rajistar haƙƙin wata hanya ta bugu da irin wannan ƙyalle. A Amurka kuma aka yi ta buga ƙananan tutocin makarantu da allunan kantuna da shi. Aikin ba shi da wuyar bayani. Ana ɗaure ragar tamau a jikin firam, a toshe dukkan idanunta ban da inda zayyana take, a zuba tawada a gefe ɗaya, a ja ta da wata faffaɗar roba mai mariƙin katako. Tawada ta ratsa inda aka bari a buɗe, ta sauka a kan abin da ke ƙasa. Raga mai zare 110 a kowane inci tana sakin tawada da kauri, mai zare 230 kuwa ita ake nema in akwai siraran layuka. Abu ɗaya ya kamata a riƙe daga wannan bayani, domin za a komo gare shi: kowane launi rariyarsa dabam, kuma zayyanar da aka kafa a jikin rariya ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Ita kuwa tishat, singileti ce tun asali. A 1913 rundunar sojojin ruwa ta Amurka ta sa ta cikin kayan da ake ba soja ya sa a ƙarƙashin kaki, kuma abin kunya ne a wancan zamani mutumin kirki ya fita titi da ita kaɗai. Rubutun farko da ya hau ta rubutun mallaka ne. Sassan wasanni na jami'o'i da sansanonin soja sukan buga sunansu a gabanta domin a san kayan wane ne. A watan Yuli na 1942 mujallar Life ta fito da hoton wani soja a bangonta, sanye da tishat mai ɗauke da sunan makarantar koyon harbi ta mayaƙan sama shimfiɗe a ƙirji. A 1948 magoya bayan Thomas Dewey, gwamnan jihar New York mai neman shugabancin ƙasa, suka buga taken yaƙin neman zaɓensa a jikin tishat; Truman ya kayar da shi, amma rigar tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Da 'yan fim irin su Marlon Brando a 1951 da James Dean a 1955 suka fito da ita a matsayin rigar waje, sai samari suka bi, singileti ta fito fili. Ga ta fara sol, ba maɓalli, ba tsaga, ba ɗinki tun daga wuya har ƙasa. Mai bugu bai taɓa samun allo irin wannan a jikin ɗan Adam ba.

Abubuwa biyu ne suka mai da bugun riga babbar sana'a. Na farko tawada ce da ake kira filastisol, wadda ta shigo hannun masu bugu wajen 1959. Garin roba ne a cikin wani mai, ba ta bushewa a jikin rariya ko an bar ta kwana da kwanaki, sai an gasa ta a zafin kimanin digiri 160 na Salshiyas sa'an nan ta kama. Na biyu kuwa inji ne. Michael Vasilantone, wanda ya kafa kamfanin Vastex a Filadelfiya a 1960, ya ƙera wani inji mai juyawa, rariyoyi a sama, allunan da ake zura wa riga a ƙasa, yadda za a buga launi bayan launi ba tare da an cire rigar daga mazauninta ba. An ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira a 1969. Ya fara ne domin rigunan ƙungiyoyin wasan bolin, wasan nan da ake mirgina ƙwallo a kayar da sanduna. Waɗannan riguna masu maɓalli ne da aljihu, saboda haka sunan ƙungiya da na kantin da ya ɗauki nauyinta sukan koma baya da manyan haruffa, sunan ɗan wasa kuma ya tsaya ƙarami a ƙirji. Wannan rabo, ƙarami a gaba babba a baya, shi ne har yau ake gani a rigunan ma'aikatan kamfanoni.

A nan ne awon mai shago ya samo asali. Allon da ake zura wa rigar babban mutum ya kan kasance inci 14 zuwa 16 a faɗi, firam ɗin da aka fi amfani da shi a injin hannu kuwa inci 20 ne a faɗi, 24 a tsawo, kuma ba dukkan cikinsa ake bugu da shi ba, dole a bar gefe inda tawada za ta taru da inda roba za ta tashi ta sauka. Da an cire wannan, abin da ya rage bai wuce inci 12 zuwa 14 ba. Haka kuma rariya tana son wuri shimfiɗaɗɗe. In ta hau kan ɗinkin wuya ko na hammata ko bakin aljihu, sai ta ɗaga, tawada ta taru a gefen ɗinkin ta yi dabbare-dabbare, don haka ake nesanta zayyana da kowane ɗinki. Wuyan riga kuma shi ne kaɗai alamar da ma'aikaci ke gani sosai sa'ad da ya zura ta a allo, shi ya sa daga wuya ake awo, ba daga ƙasa ba. Wanda bai san sana'ar ba ya kan ce a sa zayyana a tsakiyar riga daidai. In aka bi maganarsa, sai rubutu ya sauka a kan tumbi, rabinsa ma ya shige cikin wando.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi kowane ƙarfi. Idan aka shimfiɗa tishat ta manya, ƙaramar takan yi inci 18 a faɗi, matsakaiciya 20, babba 22, wadda ta fi ta 24. Adalci shi ne kowace ta sami zayyana daidai jikinta. To, amma an riga an faɗa cewa abin da aka kafa a rariya ba ya ƙaruwa. Zayyana mai launi uku tana bukatar rariya uku. In ana so a yi ta girma uku, rariya tara ke nan, da wanki tara, da saiti sau uku, kuma mai riga ne zai biya. Kusan kowa sai ya zaɓi rariya uku, a auna da ƙaramar riga domin kada zayyana ta shige hammata, sauran su haƙura. Inci 12 ya rufe kashi biyu cikin uku na ƙirjin siririn ɗalibi, amma rabi kawai ya rufe a jikin ƙaton mutum. Duk wanda ya taɓa ganin hoton taron ƙungiya, tambari ya cika wa wannan ƙirji, wancan kuwa ya zauna masa kamar kan sarki a jikin ambulan, to lissafin rariya ya gani. Tawadar ma tana da nata hukunci. Filastisol ba ta shiga cikin zare, a kansa take zama kamar leda, iska ba ta ratsa ta. Zayyana mai faɗi wadda aka cike da tawada ba tsaga, ko da ta yi kyau a kanti, azaba ce ga mai sa ta a watan Afrilu a Sakkwato, kuma gwanin mai bugu ya kan bar launin rigar ya leƙo ta tsakanin layuka saboda wannan dalili.

Ƙirjin hagu kuwa ya girmi injin nesa ba kusa ba. Masu son ƙawata zance sukan ce saboda zuciya ne. Bayani mafi sauƙi shi ne aljihu. Yawancin mutane da dama suke aiki, hannun dama kuwa aljihun hagu ya fi kaiwa ba wahala, don haka can tela ya sa shi, can kuma ido ya saba tarar da alƙalami da lambar yabon soja. A 1933 René Lacoste, ɗan wasan tanis na Faransa wanda ake yi wa laƙabi da kada, ya haɗa gwiwa da André Gillier suka fara sayar da riga mai ɗan ƙaramin kada a wannan wuri, kuma tana cikin na farko-farkon rigunan da suka fito da alamar kamfani waje maimakon ɓoye ta a cikin wuya. Masu ɗinkin babbar riga a ƙasar Hausa da Nufe sun isa wannan wuri ta hanyarsu tun da daɗewa. Aikin aska biyu da aska takwas a kan babban aljihun hagu yake zaune ya haura wuya, kuma da tawada ake fara zana shi a jikin ƙyalle kafin allura ta bi. In mai riga ya naɗe hannuwanta ya aza a kafaɗa, aikin yana nan a fili bai ɓuya ba.

Daga shekarun 1970 sai wani sabon mai kallo ya shigo, wanda ya fi fadawan Ming nisa kuma ya fi su yawa, watau kyamara. Hoton jarida da na talabijin daga kai zuwa ƙirji yake yanke mutum, duk abin da ke ƙasa da nan asara ne. Nan take ƙirjin ɗan wasa ya zama fili mai tsada, hukumomi kuma suka fito da tef irin na tela. A Jamus ta Yamma, Günter Mast, shugaban kamfanin barasa na Jägermeister, ya so ya sa alamarsa a rigar ƙungiyar Eintracht Braunschweig. Hukumar ƙwallon ƙasar ta hana talla a riga, sai ƙungiyar ta yi dabara, ta sauke zakin da ke tambarinta ta ɗauki kan barewar kamfanin a matsayin tambarin kanta. Hukuma ta rasa ta cewa, sai ta koma kan girma, ta ce kada ya wuce santimita 14. Ranar 24 ga Maris 1973, kafin wasansu da Schalke, sai da alƙalin wasa ya auna barewar. A Ingila kuma, a watan Janairu na 1976, ƙaramar ƙungiyar Kettering Town ta fito da sunan wani kamfanin tayoyi na garin a ƙirji. Da aka umarce ta ta cire, sai shugabanta Derek Dougan ya goge haruffan ƙarshe ya bar sunan garin da harafin T, ya ce ai farkon sunan ƙungiya ne. Aka yi musu barazanar tarar fam 1,000, suka sauke. Shekara guda bayan haka hukumar ta halatta abin da ta hana, a 1979 Liverpool ta fito da sunan Hitachi, gidajen talabijin kuwa suka ƙi nuna wasa da irin waɗannan riguna har 1983, sa'ad da suka yarda bisa sharaɗin a ƙanƙanta rubutun. Daga baya hukumar ƙwallon Turai ta ƙayyade wa tallan ƙirji murabba'in santimita 200 a gasanninta.

Wadda ta fi kowa fahimtar wannan sabon mai kallo ita ce Katharine Hamnett, mai zayyana tufafi a Landan. A 1983 ta fara fitar da manyan tishat masu baƙaƙen haruffa dirka-dirka daga wuya har kusan cinya, ta yi watsi da awon yatsu huɗu da inci 12 gaba ɗaya. Nufinta shi ne a iya karanta su daga nesa, kuma su fito sarai ko a ɗan ƙaramin hoton jarida. A watan Maris na 1984 aka gayyace ta liyafa a gidan Firayim Minista, ta shiga da rigar a ɓoye cikin kwat, sai da ta zo gaisawa da Margaret Thatcher ta buɗe. Rubutun yana cewa kashi 58 cikin ɗari ba sa son makamai masu linzami na Pershing. A gaskiya Jamus ta Yamma aka girke waɗannan makamai, Ingila wasu iri ne aka kai mata, amma wannan bai hana hoton zaga duniya ba. Da a ce rubutun inci 4 ne a ƙirjin hagu, da Firayim Minista kaɗai ce za ta karanta shi.

A Nijeriya, rigar bugu da kowane mai digiri ya sani ita ce farar rigar masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa da doka mai lamba 24 ta 22 ga Mayu 1973. Tambarin yana ƙirji, kuma aikinsa bai bambanta da na tsuntsun Ming ba, domin direba da ɗan sanda da mai unguwa su gane daga nesa cewa wannan baƙon na gwamnati ne. Sai kuma rigunan zaɓe, inda kuskuren awo yake da farashi. An saba a cika gaban riga da fuskar ɗan takara, a tura alamar jam'iyya can gefe 'yar mitsitsiya, alhali kuwa takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da fuskar kowa, kusa da alamar jam'iyya ake dangwala yatsa. Rigar da aka auna domin ta faranta wa mai biyan kuɗi rai, ta bar mai jefa ƙuri'a bai haddace abin da zai nema a rumfar zaɓe ba.

Wajen 2004 da 2005 aka fara sayar da injunan da ke fesa tawada kai tsaye a jikin riga daga kwamfuta, ba rariya ba firam, daga baya kuma aka sami masu buga hoto a jikin leda a manna shi da zafi. Da waɗannan, lissafin rariya tara ya faɗi, domin ana iya ba kowace riga zayyana daidai faɗinta ba tare da ƙarin kuɗin rariya ba. Duk da haka allon da kamfanoni suka fi haɗo waɗannan injuna da shi inci 14 ne a faɗi, 16 a tsawo, kusan irin na injin Vasilantone, kuma takardar odar da ake miƙa wa mai saye har yanzu wuraren da ta fi nuna masa su ne cikakken gaba, cikakken baya, da ƙirjin hagu mai inci 4.